TSIBIRINMU DA RUWAN DA YA KEWAYE SHI

Jawabin Faston Ikilisiya a Ranar Bikin Cika Shekara Hamsin

  Waɗanda suka ƙetaro ruwa domin su zo nan, sannunku da fito.

Kwamitin biki ya ɗora mini aikin faɗin tarihin wannan ikilisiya. Sa'ad da na zauna in rubuta, sai na ga ba shi yiwuwa in ba da labarin majami'ar nan ban ba da labarin tudun da take tsaye a kai da ruwan da ya kewaye shi ba, gama tarihinsu ɗaya ne. Kun san labarin duwatsu goma sha biyu da Joshuwa ya sa aka ɗauko daga Kogin Urdun domin in 'ya'ya sun yi tambaya a ba su amsa. To, mu a ƙasarmu, ko ka yini kana nema ba za ka sami dutsen jifan kare ba. Dutsen niƙa ma sayo shi ake yi daga nesa. Saboda haka abin tunawarmu sai dai na baki da na takarda, kuma shi ne dalilin wannan jawabi.

YADDA ƘASARMU TAKE

Ruwan da muke sha, muke noma da shi, muke kuma gudunsa in ya yi yawa, ba a nan aka haife shi ba. Ruwan saman da ke sauka a ƙasar Haɗejiya wajen milimita 600 ne a shekara, yawancinsa daga Yuni zuwa Satumba. Wannan kaɗai ba zai cika fadama ba. Kogin Kano yana tasowa ne daga duwatsun kudancin Jihar Kano, Kogin Challawa kuma daga yammacinta. Su biyun suna haɗuwa kafin a kai Wudil, daga nan ne sunan ya koma Kogin Haɗejiya. Ta kudu da mu kuma akwai Kogin Jama'are, wanda tushensa ke tsaunukan Jos, ya ratso ƙasar Bauchi da Katagum. Kogunan nan biyu suna gamuwa kafin Gashuwa su zama Kogin Yobe, wanda ke bin iyakar Nijeriya da Nijar ta wajen Diffa har ya faɗa Tafkin Chadi. Shi ya sa sau da yawa sama takan yi garau a kanmu amma ruwa yana hawa a bakin gari: ruwan da aka yi makonni da suka wuce a wata ƙasa ne yake isowa.

Muddin kogi yana kan ƙasa mai dutse, hanya ɗaya yake bi. Amma da ya sauko ƙasar rairayi sai ya rage gudu, ya rarrabu. A wani zamani mai nisa ƙwarai, dubban shekaru da suka wuce, hamada ta taɓa rufe wannan yanki, iska ta jera tuddan yashi dogaye daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Su ne muke kira jigayi, kuma daga wannan kalma ce jiharmu ta sami sunanta. Da ruwa ya dawo, sai ya bi ta kwarurrukan da ke tsakanin jigayin. Wani reshe ya balle ya zama Kogin Kafin Hausa. Gabas da birnin Haɗejiya kuma aka sami tsohon Kogin Haɗejiya, da Burum Gana, da kuma Marma wanda ke zuba a Tafkin Nguru.

Garinmu yana bisa ɗaya daga cikin jigayin nan ne, fadama ta gabas, fadama ta yamma. Da rani ana zuwa mana da ƙafa, da amalanke, da babur. Amma daga Agusta har bayan kaka, mu tsibiri ne. Mai zuwa wurinmu sai ya biya kuɗin fito. Tudu ke ba mu gero da dawa da riɗi. Fadama ke ba mu shinkafa in ruwa ya cika, in ya janye kuma a bi danshi a shuka wake da rogo. Ruwa ke ba mu tarwaɗa, karfasa, kurungu da gaiwa, waɗanda ake yin banda a kai kasuwar kifi ta Haɗejiya, daga can su wuce har kudancin ƙasar nan. Goruba ke ba matanmu kabar saƙa tabarma da igiya. Ruwan da ya kwanta a fadama kuma shi ke nutsewa ƙasa ya cika rijiyoyinmu da na garuruwan da ko ganin kogin ba sa yi. Makiyaya ma nan suke sauka da rani, sa'ad da ciyawa ta ƙare a tudu.

Ba mu kaɗai muka san darajar wurin nan ba. Tsuntsaye suna tasowa daga Turai su ƙetare hamada su yi hunturu tare da kirinjijiya da dinya na gida. A shekara ta 2000 aka sa Tafkin Nguru da Marma cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, kuma shi ne na farko a Nijeriya. A 2008 aka ƙara da dajin Baturiya da ke ƙaramar hukumar Kiri Kasamma.

WAƊANDA SUKA RIGA MU

Ƙaunatattu, ba mu ne farkon zama a kan jigayin nan ba. Garun Gabas, wadda ake kira Biram, tana cikin Hausa Bakwai bisa ga labarin Bayajida. Auyo tsohon gari ne, kuma Auyakawa suna da harshensu na kansu, wanda yanzu ya ɓace, ba mai jin sa. Wannan abin tsoro ne ga duk jama'ar da ba ta faɗa wa 'ya'yanta labarinta. Kafin jihadi, ƙananan sarautun wannan yanki suna biyayya ne ga Borno ta hannun Galadima da ke Nguru, shi ya sa har yau muke cewa Bulama, kalmar da ta zo daga Barebari. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a farkon ƙarni na 19, Malam Sambo ya kafa sarautar Fulani a Haɗejiya. A tsakiyar ƙarnin aka yi Sarki Buhari, wanda ya ƙi bin Sakkwato, ya kuma girgiza maƙwabta har ya rasu a 1863. Ranar 25 ga Afrilu 1906 sojojin Ingila suka auka wa birnin, Sarki Muhammadu ya ƙi gudu, ya mutu tare da jama'arsa masu yawa, shi ne ake kira Mai Shahada.

Hausawa, Fulani, Mangawa da Badawa duk sun zauna a bakin wannan ruwa, kowa da sana'arsa. A zamanin Turawa aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta Malam Madori da Birniwa, ta kai Nguru a 1930, domin kwasar gyaɗa da fatu. Tare da ita ma'aikata da 'yan kasuwa suka zo daga kudu, cikinsu da Kiristoci. A 1967 aka sa mu cikin Jihar Kano, ranar 27 ga Agusta 1991 kuma aka ƙirƙiro Jihar Jigawa da hedkwata a Dutse. Masarautar Haɗejiya ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas: Haɗejiya, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori.

YADDA BISHARA TA ƘETARO RUWA

Gwamnatin Turawa ta daɗe tana hana 'yan mishan aiki a cikin masarautu. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, bayan wahalar shekaru da Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha. A 1937 aka danƙa wa mishan ta SIM jinyar masu cutar kuturta a lardunan Kano, Katsina da Sakkwato, a 1943 kuma ta buɗe asibitin ido a Kano. Ta hanyar magani da karatu ne aikin ya bazu, har aka buɗe tasha a Garun Gabas. A 1954 aka kafa ECWA, a 1976 kuma SIM ta miƙa mata ragamar ayyukanta. Na kawo wannan ne domin ku lura da abu ɗaya: lokacin da aka haifi ikilisiyarmu, zamanin Bature ya riga ya wuce. Ba Bature ya kafa ta ba. 'Yan ƙasa ne, talakawa, masu fartanya da koma.

Babban farin 1973 shi ya kori iyayenmu daga gonakinsu na tudu. Ina yaro a lokacin, amma ban manta da yadda muka taho da jaki ɗaya da tukwane ba, muna tambayar inda ruwa ya rage. 'Yan gidaje kaɗan ne na masu bi muka sauka a nan. Bulaman wancan lokaci, wanda Musulmi ne, bai tambaye mu addini ba. Abin da ya tambaya shi ne ko mun ci abinci. Ya yanka mana gonaki, daga baya ya nuna mana gindin tsamiyar can ya ce mu yi addu'armu a nan. Jikokinsa suna zaune a cikinmu yau, kuma ina so su ji da kunnensu cewa ba mu manta ba.

Mai bisharar da aka aiko mana da fari ba ya iya iyo. In ruwa ya cika, sai a ɗora shi a kan babban gora, saurayi ɗaya yana ja, ni kuma ina biye da Littafinsa cikin ƙwarya a kaina. Rumfar zana muka fara yi, sa'an nan ɗakin jinka, sa'an nan ginin ƙasa da iyayenmu mata suka ɗebo wa ruwa da tulu. Baftismar farko a bakin fadamar gabas aka yi ta, bayan an sa yara sun kori shanu. A ƙarƙashin rumfar nan muka koyi karatu da rubutu, kuma daga nan ne aka aike ni makarantar Littafi Mai Tsarki. Mai bisharar nan da matarsa da yawancin waɗanda suka zauna a kan tabarmar farko sun riga mu gidan gaskiya. 'Yan kaɗan da suka rage, ga su nan a kujerun gaba.

SA'AD DA RUWA YA SAKE HALI

Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a kan Kogin Kano zamanin Gwamna Audu Bako aka gama a 1974, da kaɗan ta girmi ikilisiyar nan. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are. A 1992 aka gama madatsar Challawa, aka kuma yi shingen ruwa kusa da Auyo domin noman rani na kwarin Haɗejiya. Wato duk tsawon ranta, ikilisiyarmu ba ta san kogin da kakannin maƙwabtanmu suka sani ba.

Kada mu yi butulci. Madatsun nan sun shayar da birnin Kano, sun ciyar da dubban manoma a Kadawa da Kura da Auyo. Mu ma mun ci moriyarsu. Bayan an hana shigo da alkama a 1987, injinan ban-ruwa suka cika fadama, muka shiga noman alkama da tattasai da albasa, kuma da baikon noman rani aka sa wa majami'ar nan kwano.

Amma akwai abin da aka biya. A dā kogi yakan cika da damina ya bazu, da rani kuma ya ƙafe har yara su yi wasa a cikinsa. Kafin madatsu da shekarun fari, ruwa yakan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a shekara mai kyau. Bayan haka, a shekaru da dama bai kai rabin wannan ba, a farin 1984 kuwa ya ragu ƙwarai. A farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki mai suna Edward Barbier da abokan aikinsa suka auna abin da fadama ke bayarwa na noma da kifi da itace, suka nuna cewa ruwan da aka bari ya sauko nan ya fi kawo amfani bisa irin wannan ruwan in aka tsare shi a manyan gonakin ban-ruwa na sama. Abin da tsofaffinmu suka sani ne aka tabbatar da alƙalami.

Sai kuma kacala. Tun da ana sako ruwa daga madatsu har da rani, hanyoyin ruwa suka daina bushewa. Ita kuwa kacala ba abin da take so kamar ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Ta tsiro, ta fi mutum tsawo, ta rage wa ruwa gudu. Laka ta kwanta a gindinta, hanya ta toshe. Ruwa kuwa ba ya tsayawa jiran izini. Da ya ga an rufe masa hanya sai ya bi ta gonaki. Shi ya sa aka wayi gari garuruwan bakin Marma suna kukan ruwa ya cinye musu gona, na bakin tsohon kogi kuma suna kukan ƙishi. Kwale-kwale ba ya ratsa ta, taru ba ya shiga. A cikinta jan-baki ke kwana, da safe ya tashi kamar hadari ya sauka a kan shinkafa da gero. Sauro ya ƙaru, tsargiya ta kama yara. Da fadama ta ƙuntata, aka kuma nome burtali da mashaya, sai manomi da makiyayi, waɗanda dā suke musayar hatsi da nono, suka fara hararar juna. A 2006 jihohin da ke shan wannan ruwa, wato Filato, Bauchi, Kano, Jigawa, Yobe da Borno, suka kafa asusun haɗin gwiwa domin gyaran kogin, an kuma kawo injinan yashe hanyoyin ruwa. An sami sauƙi a wurare, amma kacala in ka sare ta bana ka yi barci, baɗi za ka tarar da ita.

Ambaliya kuma ba ta daina ba. Mun ga ta 2001, ta 2012, ta 2018, ta 2020, da ta 2022 wadda ta fi zama mana a rai. A shekarar nan mutanen birnin Haɗejiya sun kwana a kan jinga suna cika buhuna da ƙasa. Mu a nan, ruwa ya cinye unguwar gangare, rumbuna suka zube, shinkafar da ta kusa nuna ta nutse. Majami'ar nan tana wurin da ya fi tudu, sai muka buɗe ƙofa. Mata da yara, Kirista da Musulmi, a kan bencinan nan suka kwana. Maza kuma suka raba kansu tsakanin masallaci da makaranta. A cikin daren nan ne naƙuda ta kama wata 'yar ikilisiya, kuma Sarkin Ruwa da kansa, dattijo mai carbi a hannu, ya tuƙa ta cikin duhu zuwa inda mota ke iya tsayawa. Ya ƙi karɓar ko sisi. Yaron yana nan cikin 'yan makarantar Lahadi.

ABIN DA KE GABANMU

'Yan'uwa, yanzu na zo kan maganar da ta fi nauyi. Tun bayan ambaliyar 2022 wasu a cikinmu suna cewa mu tashi, mu sayi fili a bakin titi mu gina majami'a a can, tun da matasanmu da yawa sun riga sun tafi Haɗejiya da Kano da Abuja neman abinci. Ban raina wannan shawara ba. Wanda ɗakinsa ya faɗi sau biyu yana da ikon ya gaji, kuma duk gidan da ya ga ya kamata ya tashi, za mu sallame shi da addu'a, ba da gori ba. Amma ra'ayina, wanda na faɗa wa dattawa, nake kuma maimaitawa a gabanku, shi ne ikilisiya ta zauna. An karɓe mu a nan muna baƙi da yunwa. In muka ɗauke fitilarmu a lokacin da gari ke cikin wahala, me za mu ce mun koya cikin shekara hamsin? Shekarar jubili a Littafin Firistoci sura 25 tana tuna wa jama'a ne cewa ƙasa ta Allah ce, mu masu riƙon amana ne kawai. Mai riƙon amana kuwa ba ya gudu ran da kayan suka yi nauyi.

Sai dai zama ba ya nufin naɗe hannu. Ina roƙonku abu huɗu.

Na ɗaya, baikon wannan biki a sa shi wajen ɗaga harsashin majami'a da gina rumbun siminti a kan tudu, inda kowane gida na garin nan zai iya ajiye iri da hatsi in ruwa ya taso, ba tare da an tambayi addininsa ba.

Na biyu, duk ranar da Bulama ya kira gayyar saran kacala ko gyaran jinga, kada a riga matasanmu fita. Wanda ke waƙa da ƙarfi ran Lahadi, a gan shi da lauje cikin ruwa ran Litinin.

Na uku, mu bar burtali da mashaya a inda iyayenmu suka same su. Kada a ji sunan mai bi a cikin waɗanda suka nome hanyar shanu. Mu tuna kuma akwai mutane a ƙasa da mu, a Gashuwa da Geidam har Diffa, masu jiran ruwan da ya wuce ta ƙofarmu. Yadda muke so na sama su tuna da mu, haka mu ma mu tuna da na ƙasa.

Na huɗu, littafin baftisma na farko ya jiƙe a ambaliyar 2022, wasu sunaye sun goge. Ina roƙon matasa masu ilimi su zauna da tsofaffin nan tun suna da rai, su rubuta sunayen, da sunayen fadamu da tafkuna da inda ruwa ya tsaya a kowace babbar shekara. A ajiye kwafi ɗaya a nan, ɗaya a ofishin Gunduma. Waɗannan su ne duwatsunmu goma sha biyu.

GODIYA

A madadin dattawan ikilisiya, ina gode wa Bulama da jama'ar gari saboda zaman lafiya na shekara hamsin. Ina gode wa masu fito, waɗanda ba su taɓa barin fasto ko majinyaci a bakin ruwa ba. Ina gode wa Zumuntar Mata, gama da kuɗin tabarma da bandar kifi suka riƙe masu bishara a shekarun da ba albashi. Ina gode wa 'ya'yanmu na birni da ba su manta da gida ba.

Yawancinmu da ke zaune a nan ba za mu ga bikin shekara ɗari ba. Addu'ata ita ce, waɗanda za su yi shi su tarar da tudun nan da mutane a kansa, fadama da kifi a cikinta, majami'a kuma da ƙofarta a buɗe. Ubangiji wanda ya kiyaye iyayenmu a cikin fari, ya kiyaye mu a cikin ambaliya, shi ya kiyaye 'ya'yanmu. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, masu ƙetare ruwa kuma ya sauke su lafiya.